Muryar Baba da Aka Tura Miki

Abakpa Nike,
Inugu.

Zuwa ga Goggona Kande, a Hadeja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin alheri, ke da Ma'u da maigidanta da yaransu. Allah ya ƙara miki nisan kwana mai amfani, ya sassauta miki nauyin jiki, ya bar mana ke muna zuwa muna durƙusawa kina yi mana tsiya. Mu nan muna godiya ga Allah. Damina ce a kanmu, irin ta Kudu, wadda ruwa yake sauka shiru-shiru tun safe kamar ba shi da niyyar zuwa ko'ina, wanki ya kwana a igiya ya ƙi bushewa. Maigidana Usaini yana nan yana fama da kekensa na haya tsakanin Abakpa da cikin gari. Jikarki Ilham ta shiga makaranta, kuma in kika ji ta tana faɗa da 'yan maƙwabta da Ibo za ki rantse ba jininki ba ce. Sai ta zo neman tuwo take tuna Hausa.

Na san za ki ce wace irin takarda kuma a zamanin waya. To Goggo, kin san mu da waya. Za mu yi ta ina gajiya da yaya yara da yaya ruwa har maganar da aka kira dominta ta bi iska. Kuma na san abin da za ki amsa in na tambaye ki jiki, shi ya sa na zauna na rubuta, zan bai wa direban motar albasa da zai koma Arewa. Ma'u ta karanta miki a hankali, kada ta tsallake ko layi ɗaya. Ita ce ta gaya mini cewa an tura miki muryar Baba a waya, kin saurara kin sake saurara har da hawaye, kin ce tunda yayanki ya warke da garin maganin nan ke ma kin gama da asibiti. Ta ce kin ɗaure ƙwayoyin sugarki a leda kin cusa a ƙasan akwati, kin sa a sayo miki garin. Kada ki yi mata faɗa. Ina wurin aka ɗauki muryar nan, kuma ina so ki ji abin da wayar ba ta ɗauka ba.

Kin san ciwon suga a gidanmu gado ne, ke da Baba duk kun ɗauko shi. Shekaru yana shan ƙwayoyinsa, yana zuwa asibiti yana mita, yana komawa rumfarsa a kasuwar Ochanja ta Anacha yana auna wake da ƙarfinsa. Yaya Salisu ne ya haɗu da masu garin maganin a Fatakwal, a kasuwar Oil Mill, inda yake kai kaya ranar Laraba. Ya ce bayan rumfunan albasa suke zama, cikin fararen kaya, suna zikiri da murya mai sanyi da za ta sa mutum ya ajiye buhu ya tsaya. Babbansu ana ce masa Malam Zailani, mutum mai taushin magana. Suna da wani koren gari a 'yar roba, suna ce masa Garin Natsuwa, wai ganyaye ne da aka yi wa addu'a, yana maganin suga da hawan jini da basir da ciwon ido. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a haɗa shi da maganin asibiti, domin wai haɗawar alamar shakka ce, shakka kuwa tana kashe addu'a. Salisu ba mugunta ya yi ba. Ya gaji da ganin Baba yana haɗiyar ƙwaya ne, ya ɗauko da murnarsa.

Da na je Anacha gaishe shi, sai na tarar da Baba ya zama wani iri mai kyan gani. Ya rame, fuskarsa ta yi fayau, riga ta yi masa yawa. Ya daina zuwa kasuwa. Kullum yana barandar benen nan da kika taɓa zama, inda ake hango kogin Kwara ta tsakanin rufin kwano, buta da jarkar ruwa a gefensa. Yana shan ruwa kamar ana zubawa a yashi, yana ta zirga-zirgar banɗaki, kiyashi suna bin inda ya tsuguna. Ya ce mini Malam ya ce jiki ne yake wanke dauɗar ƙwayoyin Turawa. Ramar kuwa wai cutar ce take fita. Idonsa ya fara gani dishi-dishi, ya ce komai yana yi masa kamar yana kallo daga ƙarƙashin ruwa, kowace fitila da zobe a kewayenta. Wannan kuma Malam ya ce masa buɗi ne, hasken zuci ne ya fara rinjayar na ido.

Ga kuma gyangyaɗin rana. Muna cikin hira bayan azahar sai muryarsa ta yi ƙasa, kansa ya sunkuya, ya tafi. In ya dawo sai ya yi murmushi ya ce daga Hadeja yake. Ya ce Kwara tana tsukewa a gabansa har ta zama kogin gida, jiragen yashi su zama kwalekwale, hayaniyar gada ta koma kukan tsuntsayen fadama. Ya ce yana ganinki, Goggo, kina 'yar yarinya da kitson da ya tsufa, kin naɗe zani zuwa gwiwa kina kama ƙananan kifi da ƙwarya, kina zaginsa don ya watsa miki ruwa. Yana jin ƙamshin kifin da ake banda. A can ɗaya gaɓar kuma ya ce yana hango Inna, Allah ya jiƙanta, tana shanya wanki a kan ciyawa, ba ta ɗago kai ba, amma ya san ita ce daga yadda take karkaɗe zani. Kowace rana, in ji shi, ruwan da ke tsakaninsu yana ƙara raguwa. Ni kuwa ina zaune a tabarma ina saurare, wallahi daɗi nake ji. Garin da ban taɓa zama a cikinsa ba sai ya zo mini har baranda, da uwata a ciki. Na fi son ya yi ta ba ni labari da in tambaye shi me ya sa yake ta ramewa.

A cikin kwanakin ne su Malam Zailani suka zo daga Fatakwal duba shi. Na kawo musu ruwa na koma bayan labule. Ɗaya daga cikinsu ya miƙa waya kusa da bakin Baba. Malam ya fara da faɗin cewa ga Alhaji Mijinyawa na Ochanja, wanda suga ta wahalar shekara da shekaru, sannan ya tambaye shi yaya jiki. Baba ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya sake tambayarsa yaya yake ji tun da ya fara shan gari ya bar ƙwayoyi. Baba ya ce da sauƙi ƙwarai, an gode, Allah ya saka da alheri. Suka yi kabbara, suka shafa fatiha, suka tafi. Abin da aka tura miki ke nan, ba ƙari ba ragi.

Yanzu don Allah, Goggo, ke da kika fi ni sanin mutanenmu: kin taɓa jin an tambayi Bahaushe jiki ya ce babu sauƙi? Balle dattijo irin Baba, baƙi sun taso daga wani gari sun zauna a tabarmarsa? Ke kika riƙe kan Inna ranar da za ta rasu. Ke kika ba ni labari cewa maƙwabta sun shigo da hantsi sun ce yaya jiki, ta buɗe ido da ƙyar ta ce da sauƙi, kafin la'asar an yi mata wanka. Da akwai mai waya a ɗakin, da ita ma yanzu tana yawo a matsayin wadda ta warke. Da sauƙi amsar gaisuwa ce, ladabi ne ga Allah da ga wanda ya zo dubiya. Su kuwa suka ɗauke ta suka mayar shaidar magani. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne su ma Hausawa ne, sun san haka sarai.

Ranar da zan koma Inugu, da safe, na ga ya kasa sunkuyawa ya wanke ƙafa wajen alwala, sai na karɓi butar. Da na ɗaga ƙafarsa ta dama, Goggo, sai da na riƙe numfashi. Wata 'yar ƙusa ce ta huda takalminsa ta shige ƙasan babban yatsa, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Wurin ya yi baƙi, ya kumbura, yana wari. Na danna, na dube shi, yana kallon kogi yana murmushi. Ya ce ai ya daɗe ba ya jin ciwon ƙafa, Malam ya ce ɗaukewar ciwo ita ce alamar farko ta waraka. Salisu ne ya goya shi daga bene zuwa bakin titi, yana tafe yana kuka kamar yaro. Kafin mu isa asibiti Baba ya daina gane mu, yana kiran sunanki yana cewa ki matsa, kwalekwale zai tashi.

Na'urar da suke auna suga da ita ta kasa ba da lamba, abin ya wuce iya lissafinta. Likita ya ce ƙishirwar da ramar da dishin ido da barcin nan duk sugar ce take cinsa, ƙafar kuma jijiyoyinta ne suka mutu shi ya sa ba ya ji. Na tambaye shi me ke cikin garin, ya ce bai sani ba, ba wanda ya auna shi, babu ma rubutu a jikin robar. Wataƙila ganye ne kawai, wataƙila da wani abu a ciki. Amma ya ce ko da garin kuka ne tsantsa, barin ƙwayoyin ya isa ya kai shi inda ya kai shi. An cire masa babban yatsan da na kusa da shi. Idon hagu sun ce kada mu sa rai, na dama ana ƙoƙari. Salisu ya kira Malam Zailani ya gaya masa, Malam ya ce jarrabawa ce, kuma da alama wani a gidan ya yi shakka. Salisu ya roƙe su su janye muryar, suka ce ta riga ta yi nisa. Ta yi nisa kuwa, tunda ga shi ta iso ɗakinki.

Kada ki ce Munira ta zauna a Kudu ta raina addu'a. Baba yana nan da carbinsa, mu ma ba mu fasa roƙo ba. Nas ɗin da take duba shi 'yar Ibo ce, a Sabon Garin Kano ta girma, ba ta yi masa allura sai ta jira ya yi bismillah. Ita ce ta ce mini ta daina tambayar Hausawa yaya jiki tun tana sabuwar aiki, sai dai ta ce nuna mini wurin. Addu'a da allura a gado ɗaya na gan su, ba wadda ta kori wata.

Da aka sallamo shi na sake zuwa. Na same shi a barandar, ƙafa a naɗe a kan matashi, an yi ruwa an ɗauke, Kwara ta cika ta yi ja. Ya ce mini yanzu ba ya zuwa Hadeja, in ya yi barci barci ne kawai, kogin ma ya tsaya a Kwararsa. Ya ce yana kewar wurin, ba zai ɓoye mini ba. Na zauna kusa da shi na ce zan tambaye shi jiki, amma na haɗa shi da Allah kada ya ce mini da sauƙi. Ya juya fuska wajen kogin har na zaci ya yi fushi. Can sai ya ce ƙafar tana yi masa zugi, kuma yana tsoron ya farka wata rana ya tarar ɗaya idon ma ya rufe. Tun da aka haife ni ban taɓa jin Baba ya ce wani wuri yana yi masa ciwo ba. Na yi kuka, amma hankalina bai taɓa kwanciya da shi kamar ranar ba.

Da na gaya masa abin da Ma'u ta faɗa mini, sai ya laluba ya kama hannuna. Ya ce in rubuta miki in ce muryar tasa ce, amma gaisuwa ya amsa, ba shaida ya bayar ba. Ya ce ki ciro ledar nan daga ƙasan akwati yau, ki sa Ma'u ta kai ki a auna ki, ki nuna musu ƙafafunki duka biyu. Ya ce duk ranar da ya ga kogin nan, a gaɓarmu yake ganinki da ƙwaryarki, kuma nan yake so ki zauna. Bai yarda ki riga shi hayewa ba.

Ki gaishe mini da Ma'u da maigidanta Yahya, da takwarar Inna, Halimatu Sadiya, da ƙaramin Yunus da ban gani ba tukuna. Usaini yana durƙuso, Ilham ta ce a ajiye mata kifi. Yaya Salisu yana gaishe ki, kunya ce ta hana shi kira, ki sa masa albarka don yana bukata.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kira ki. Za mu gaisa yadda aka saba, sannan zan tambaye ki jiki. Zan jira, Goggo, ko za ki daɗe kina shiru. Ki faɗa mini inda yake miki ciwo.

Taki har kullum,
'yarki Munira.