Hannu Kawai Za Ka Miƙa

Landan, 9 ga Maris, 1961

Zuwa ga mahaifina, Ango wanzami, Bagudo.

Baba, gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da Goggo Kubura? Ruwan Kwara ya janye daga fadamarmu?

Ni lafiya lau. Jiya malaminmu ya ɗiga jinina a gilashi, na leƙa ta madubin likita. Baba, ashe jini ba ruwa ba ne kawai! Jajayen ƙwayoyi ne birjik kamar gero a faifai, da 'yan farare jefi-jefi. Malamin ya ce jajayen nawa sun yi ƙaranci, wai ba na cin abinci. Mai karatu ya tsallake nan in Inna tana kusa. Tuwo ne ya yi nisa.

Sai na tuna baƙin jinin da kake zubarwa daga ƙaho, kana cewa matacce ne. Yaya kake gane shi? Malamin ma yana son sani.

Ya ce jijiyoyin dattijo kan taurare, jini ya riƙa bugunsu da ƙarfi har mutum ya yanke jiki ya faɗi, kamar Baffa Namadi a hanyar Dahome. Inna ta aiko cewa ciwon ƙeyarka da jiri sun dawo, kuma ƙaho bai kore su ba.

Don Allah ka je asibiti a auna ka. Ɗamara ake naɗawa a damtse a hura iska, ba aska, ba tsaga. Na san wanzami ba ya son jarfa, amma shekara arba'in mutane suna miƙa maka ƙeyarsu. Kai hannu kawai za ka miƙa.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Bunyaminu