Hannun Baba a Tankin Kifi

Matata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kwas ɗin bai gajiyar da ke ba. Yara lafiya lau, ni ne dai kunya ta hana sakat.

Babanki ya zo duba yara. Na kawo masa ruwa, na tarar da shi a falo gaban tankin gilashi, yana kallon ɗan kifin zakin nan nawa yana baje ado cikin ruwan gishirinsa. Ya ce, “Kai, sai ka ce amarya!” Sai ya naɗe hannun riga.

Kin san ƙayoyin bayan kifin dafi gare su, ni kaina da dogon tsinke nake miƙa masa jatan lande. Amma da wane bakin zan ce wa surukina “kar ka taɓa”? Na tsaya ina yaƙe kamar wawa. Yana tsoma hannu a tankin na ga ya zabura, ya cusa hannun a aljihu, ya ce ruwan akwai sanyi. Ni kuma na ce, “Ƙwarai kuwa, Baba.” Ya tafi ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Ki yafe mini.
Mijinki

Baban yara,

Na gaishe ka. Hannun Baba ya kumbura suntum. Ya ce wa Mama da likita wai ƙusa ce, don kar a ce abin surukinsa ne ya ji masa ciwo. Sai da na buga waya na faɗi gaskiya aka san maganin da za a yi masa.

Kai kana kunya, shi yana kunya, hannu yana kumbura! Kafin in dawo kifin nan ya bar gidana.

A gaida yara.
Matarka

Baba,

Ina gaisuwa, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Na kasa zuwa ne don ban san da idon da zan dube ka ba. Na gani, na yi shiru. Tun yana kamar ɗan yatsa nake renon kifin nan, amma mai shagon kifi ya yarda zai karɓe shi.

A gafarce ni.
Ɗanka

Ɗana,

Na amsa gaisuwa, hannu da sauƙi. Na ga bakinka yana motsi ran nan, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Kada a fitar da kifin, na faɗa wa matarka. Duk gidan shi kaɗai ya iya ce mini a’a. Ina nan tafe, ka ajiye mini tsinken.

Allah Ya yi albarka.
Babanku