Tikitin Masu Iyali

Lahadi, 11 ga Maris, 2018

Zaid na ɗakin magani ya leƙo ɗakin hoto da rana yana washe baki, wai ranar Alhamis za a yi wasan kwaikwayo a wani babban zaure can arewacin gari. Shekarata bakwai a Riyadh ina ɗaukar hoton ƙirjin mutane a asibiti, ban taɓa ganin abin kallon da ya wuce cunkoson motoci ba. Na ce masa na girmi irin wannan. Ya ce ai Ubale zai je, kuma daga can akwai kulob a Unguwar Jakadanci. Ubale abokina ne tun Funtuwa, direba a ofishin jakadancinmu, duk inda ake kiɗa a garin nan ya san ƙofar.

Na ce zan yi tunani. Kafin la'asar na karɓi aikin sayen tikiti, don ban yarda da tsarin yaran nan ba.

Litinin, 12 ga Maris

Na sayi huɗu ta waya: ni, Ubale, Zaid, da Basiru maƙwabcina. Wurin zama kashi biyu ne, ɓangaren iyali da ɓangaren gwauraye. Shekara goma sha huɗu da aure, 'ya'ya biyu, furfura a gemu, sannan in danna gwauro da yatsana? Iyali na danna, ko tsayawa ban yi ba.

Matata Khadijatu ta kira daga gida da daddare. Hajar ta cire haƙori, Kamil ya fasa gilashin tagar maƙwabta. Mun yi dariya. Ba ta yi maganar zuwa ba. Tun babbar salla ba ta ƙara yi ba. Da kusan kowane wata sai ta ce yaushe zan nema mata bizar ziyara, ni kuma in ce Riyadh ba Makka ba ce, aiki ne da barci, kulle za ta sha a ɗaki. Yanzu ta ƙyale ni, ya kamata in ji daɗi. Ban ji ba.

Gaskiyar da ba na faɗa: ɗakina ɗaya ne a saman shagon wanki a Shumaisi, ita kuwa tana zaton bene nake da shi. Kuma na saba da zaman ni kaɗai fiye da yadda ya kamata.

Talata, 13 ga Maris

Basiru ya faɗa aikin dare ranar Alhamis. Tikiti ɗaya ya tashi a banza.

Laraba, 14 ga Maris

Na kai shaddata ruwan toka wanki da guga. Ubale ya ce in sa wando da riga kamar kowa. Na ce idan za a kalli wasa, a kalle ni ma.

Juma'a, 16 ga Maris

Sai sha ɗaya na tashi, da ƙyar na samu Juma'a. Ƙafafuna ciwo suke. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Mun isa da wuri saboda na matsa musu, muka yi isha'i a masallacin gefen zauren. Jama'a maƙil, ƙamshin turare ko'ina, yara na gudu da gugguru a hannu. Na shige gaba riƙe da waya, hula a karkace, muka bi layin iyali. Zaid ya fara jan rigata yana tambaya wane ɓangare na saya, na ce ya bi ni kawai.

Mai gadin ƙofar saurayi ne siriri mai ladabi. Ya duba tikiti, ya dube mu mu uku ƙarti, ya leƙa bayanmu. Ya tambaya ina iyalin. Na ce ga ni. Larabcina na asibiti ne, ja numfashi, riƙe, saki, amma na dage. Na fito da iƙamata, katin izinin zama a ƙasar. Na buɗe masa hoton Kamil da Hajar ranar salla, har da na ɗaurin aurenmu da na ɗauka daga bango. Ya kalla da kyau, ya yi murmushi.

"Masha Allah, Allah ya raya su. Amma ina suke?"

Na ce suna Nijeriya. Ya ce to nan sai da mace a cikinmu, haka tsarin yake, ɓangaren gwauraye kuwa ya cika tun jiya. Ubale ya jingina da bango yana dariya har da hawaye. Zaid ya ce da Hausarsa ta haihuwar Makka, "Yaya, a nan kai gwauro ne mai 'ya'ya." Na ji haushi sosai.

Zaid ne ya tuna da gwaggonsa Rekiya a unguwar Manfuha, mai yin waina da alkaki ta sayar wa 'yan ƙasarmu. Ya kira ta, ta ce tana tsakiyar jiƙa shinkafa, me ake yi a wurin? Ya ce dariya. Ta ce a zo a ɗauke ta. Ubale ya figi mota, ni da Zaid muka zauna a bakin dakali kamar waɗanda aka kora daga aji. Minti hamsin.

Ta sauko daga mota da baƙar abaya, jakarta shaƙe da alkaki da filas na shayi. Gajeriya ce, ta haura sittin, tafiyarta kamar za ta karɓi haya. Mai gadin ya tambaye ta su wane ne mu a wurinta. Ta amsa masa da Larabcin da ya fi nasa gudu cewa duk 'ya'yanta ne, shi ma idan bai buɗe ba zai zama na huɗu. Ya buɗe. Har alkakin ya bari ya wuce bayan ta damƙa masa biyu.

Mun rasa farkon wasan, amma Gwaggo ta kamo zaren cikin minti biyu. Labarin wani ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya dawo gida ya addabi kowa, yana sake wa tukwane wuri, yana koya wa matarsa dafa shinkafar da take dafawa shekara talatin. Ba a ganin matar, muryarta kawai ake ji daga bayan ƙofa, kuma wani ƙato ne ke maƙale murya. Rabin maganarsu ba na kamawa. Gwaggo ce ke fassara mini da ƙarfi, tana ƙara nata, tana cewa da ita ce da tuni ta kwaɗa masa ludayi. Wata Balarabiya a gabanmu ta juyo za ta yi faɗa, aka ba ta alkaki, daga nan tare suka riƙa dariya. Na yi dariya har hulata ta faɗi ƙarƙashin kujera. Rabon da in yi irin wannan na manta.

Abin da na lura, ko'ina a ɓangarenmu mutum ne da matarsa. Ana dariya sai ka ga ta daki kafaɗarsa. Ni kafaɗar Ubale na daka, ya ce in bari, ba a kyauta ya samo ta ba.

Na zaci Gwaggo gida za ta daga nan. Ta ce ai ba ta bar shinkafarta don rabin yawo ba.

A ƙofar Unguwar Jakadanci aka duba sunayenmu, Ubale ya yi 'yan maganganu aka ƙara nata. Kulob ɗin wani zaure ne a bayan gidan ma'aikatan wata ƙasa ta Afirka, fitilu ja da shuɗi, wani ɗan Gana na saka kiɗa. Ma'aikatan jinya 'yan Filifin, 'yan Kenya, 'yan Sudan, da namu. Akwai zoɓo da gasasshen kaza. Na ga wata nas da kullum take ɗaure mini fuska a wurin aiki tana tsalle babu takalmi. Muka yi kamar ba mu ga juna ba.

Na ce ni ba na rawa. Sai ɗan Ganan ya saka kiɗan kalangu, ban san inda ya samo shi ba. Gwaggo daga zaune ta fara da kafaɗa, can ta miƙe, aka yi mata da'ira. Ubale ya jawo ni ciki. Na taka, kuma ba laifi, duk da Zaid ya ce kamar ina tsallake ruwa a hanya. Daga can muka biya wani wurin na 'yan Sudan, amma kiɗansu a hankali yake, mun sha shayi kawai muka fito.

A mota su biyu suna gaba suna musu kan hanya, ni da Gwaggo a baya. Ta tambayi shekarata nawa a nan, na faɗa. Ta tambaya sau nawa maiɗakina ta zo. Na fara bayanin aiki da barci, ta katse ni. Ta ce marigayi mijinta shekara tara ya bar ta a Kano yana cewa sai ya samu gida mai kyau.

"Da na zo, ɗan nan, ɗaki ɗaya ne da tabarma, kuma bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, sai da na tambaye shi ko yana shan sukari a shayi."

Ta yi hamma, ta ce a sauke ta a bakin lungu, kada maƙwabta su ga tsohuwa na dawowa ƙarfe uku da samari.

Asabar, 17 ga Maris

Na ba Khadijatu labarin duka. Ta yi dariya har Hajar ta zo tana tambaya lafiya. Wurin da na nuna wa mai gadi hoton aurenmu ta sa na maimaita sau biyu. Ta tambayi kalar labulen dandalin, da abin da matan suka saka, da ko da gaske na yi rawa. Na ji daɗin ba ta labari, na riƙa ƙara gishiri.

Da muka gama ta ce, "Ashe dai ana fita, Abban Hajar." A sake ta faɗa, babu gori. Sannan ta ce bari ta duba tukunya.



Lahadi, 18 ga Maris

Labari ya zaga asibiti. Yanzu sunana Mai Iyali. Zaid zai gane kurensa.

Talata, 20 ga Maris

Na share ɗaki, na fitar da kwalayen da suka shekara uku a bayan ƙofa. Ba wani dalili, ƙura ce ta yi yawa. Idan an matsar da firiji wurin ba shi da ƙanƙanta kamar yadda nake gani.

Alhamis, 22 ga Maris

Na je ofishin ma'aikata kan maganar hutuna. Tunda ina wurin na tambayi yadda ake cike takardar ziyara, don sani kawai. Mutumin ya ce aikin da ke kan iƙamata ya isa, sa hannu da tambari ne, sai hoton fasfo ɗin mai zuwa.

Na aika wa Khadijatu saƙo cewa asibiti na sabunta bayanan ma'aikata, ta turo hoton fasfo ɗinta in ta samu lokaci, ba gaggawa. Ban ajiye wayar ba ya shigo. Ko minti ɗaya bai cika ba, ke nan ba a ƙasan akwati yake ba.

Wanda ta yi ne a 2013, lokacin da na fara cewa baɗi. Ta turo har shafukan ciki, fari fat, ko tambari ɗaya babu. Saura wata biyar ya ƙare, su kuma sai mai wata shida suke karɓa.

Na kira na ce ta shirya ranar Litinin ƙanena ya kai ta a sabunta.

"Asibitin ne ke so?"

Na ce eh.

"To. Ka tambayar mini asibitin ko ana sanyi a can, in san kayan da zan ɗinka."

Na ce zafi ake shiga, ta ɗinka marasa nauyi.