Kabarin Inci a Gefen Ma'aunin Ruwa

Litinin, 14 ga Mayu, 1973. Gwagwalada.
Ruwa: babu.

Inci ya mutu.

Bakwai saura kwata muka fita kamar kullum, ni riƙe da gilashin awo, shi a gaba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ofishin gona ya kafa ma'aunin ruwan sama a bayan gari ya damƙa mini, kuma tun da na samu karen nan ban taɓa zuwa duba shi ni kaɗai ba. Yau da ya isa bakin shingen waya sai ya kwanta. Na buɗe ma'auni, na duba kwalba, na rubuta sifili, na ce masa mu tafi. Bai tashi ba.

Na koma gida ɗaukar diga da shebur. Matata Hansatu ta ce, "Malam, ba juji ake kai su ba?" Na ce wannan ba zai je juji ba. Na naɗe shi a tsohon buhun takin zamani, na binne shi inda ya kwanta, taku huɗu daga ma'auni. Na ɗora duwatsu saboda kura.

Talata, 15 ga Mayu.
Ruwa: babu.
Na gutsuri tuwo na miƙa ƙasa gefen tabarma. Hansatu ta yi kamar ba ta gani ba.

Juma'a, 18 ga Mayu.
Ruwa: babu. Kwana goma sha biyu rabon da a yi ko yayyafi. Dawar da aka shuka da ruwan farko ta fara murɗe ganye.

Ina so in rubuta abin da na sani game da shi, tun ban fara ƙari ba. Tsoho Yamusa, maharbin nan na ƙetaren kogin Usuma, shi ya kawo mini shi cikin kwando yana ɗan kwikwiyo. Ranar an yi ruwa inci ɗaya cif, na ga ba sai na wahala neman suna ba. Baƙi ne, da fari a ƙirji. Bai taɓa shiga ɗakin da nake salla ba, kuma ba ni na koya masa ba. Yana tsoron agwagwa. Sau biyu ya saci kifin Hansatu, na biyun ni na ce mage ce.

Ga mutum mai shekara arba'in da ɗaya, wanda ya gama sakandare, yana rubuta tarihin kare. To, littafina ne.

Laraba, 23 ga Mayu.
Ruwa: babu.
An fita sallar roƙon ruwa da hantsi. Hadari ya haɗu a gabas da la'asar, iska ta watsa shi.

Asabar, 26 ga Mayu.
Ruwa: babu.

Hansatu ta dawo daga rijiya da tulu rabi. Sai da na matsa ta faɗa. Wai wata mata mai itace ta hango ni ranar nan, ta ce na yi wa kare likkafani fari, na tsaya a kansa na yi masa salla. Wai kuma a gindin kwalbar da ruwan garin nan ke fara sauka na ajiye najasa, shi ya sa sama ta kulle.

Buhun taki ne. Har da rubutun kamfani a jikinsa. Tsayuwa kuwa na tsaya, bayana ne ya riƙe.

Na yi dariya. Hansatu ta ce, "Kai kake dariya, Malam. Ni ce nake miƙa guga a ƙi karɓa."

Talata, 29 ga Mayu.
Ruwa: babu.

Mai'unguwa Mato ya aiko. Na tafi da littafin awo a hammata. Na tarar da dattawa shida a zaure, duk wanda na gaisar sai ya amsa yana kallon ƙasa.

Na buɗe musu shafi. Na ce ruwan ƙarshe ya sauka shida ga wata, kare ya mutu sha huɗu. Kwana takwas sama tana kulle yana raye yana cin tuwo. Na nuna musu shekarar sittin da bakwai, da aka yi kwana goma sha tara ba ɗigo, lokacin Inci yana ganiyar ƙarfinsa. Na ce a rediyo ana faɗin fari har Katsina da ƙasar Nijar, shin can ma karena ne?

Mato ya bari na gama. Ya ce, "Malam Dallatu, littafinka ya iya lissafi. Ya iya shayar da dawa?"

Wani daga baya ya ce, "A tambaye shi, in uban wani ya rasu ma haka yake jera duwatsu?" Ban juya ba. Na san muryar, shi ne wanda na yi wa feshin gyaɗa bara ranar hutuna.

Hukunci: in tone shi in kai juji kafin Juma'a ta sama, takwas ga Yuni. In ban yi ba samari za su yi mini.

Na ce fili na ofishin gona ne, kare nawa ne, duk mai son tonewa ya fara tone ni. Na fito. Da ma na tsaya a kan maganar fili kawai. A'a. Gara da na faɗa.

Laraba, 30 ga Mayu.
Ruwa: babu.
Na ƙara duwatsu. Na ɗaure ƙofar shinge da sabuwar waya.

Alhamis, 31 ga Mayu.
Ruwa: babu. Jimlar wata: inci ɗaya da ɗigo biyu. Ban taɓa aika wa ofishin Abuja takardar Mayu mai kunya irin wannan ba.

Wani abu ya tsaya mini. Da safe na tsaya ta kan ramin na dubi inda rana ke fitowa. Tsawonsa daga kudu zuwa arewa yake. Na yi ta ƙoƙarin tuna yadda na kwantar da shi. Kai a kudu, a gefen dama, fuska gabas. Kamar mutum.

Wallahi ban nufa ba. Tun ina saurayi nake shiga haƙan kabari, hannuna bai san wani irin haƙa ba. Na yi istigfari. Amma ba zan faɗa wa Mato ba, kuma wannan bai sa sun yi gaskiya ba. Kuskuren diga ba ya tsayar da hadari.

Juma'a, 1 ga Yuni.
Ruwa: babu.

A masallaci na kusa da ni ya bar tazarar da akuya za ta wuce. Bayan an idar Liman ya ja ni gefe. Na shirya faɗa, sai ya hana ni abin faɗa. Ya ce, "Ban ce karenka ya hana ruwa ba, Malam. Ruwa na Allah ne, kuma binne mushe ya fi barinsa a fili. Amma mutanen nan sun fara jin yunwa tun ba ta iso ba, kai kuma ka ba su wurin nunawa da yatsa."

Na ce to ya faɗi haka a huɗuba mana. Ya ce, "Na faɗa. Kai kaɗai ka ji."

Lahadi, 3 ga Yuni.
Ruwa: babu.
In aka yi ruwa kafin Juma'a, zan ɗauki kwalbar a cike in kai zauren Mato in ajiye, ba zan ce uffan ba.

Talata, 5 ga Yuni.
Ruwa: babu.

Na samu Tsoho Yamusa zaune a bakin shinge, ya jingine bakansa. Na ɗauka aiko shi aka yi, na ɗaure fuska. Ya ce labari ya ishe shi a kasuwa, ya zo gaisuwa. Shi kaɗai ya kira abin gaisuwa.

Na tambayi gona. Ya ce shuka biyu sun ƙone, ta uku tana ƙasa, kuma ita ce ƙarshen iri. Ya faɗa kamar mai ba da labarin wani. Sai ya ce, da Hausarsa ta mutanen ƙetare, "Uwar wannan kare, shi ma ni na binne. Maharbi ba ya jefa abokin tafiya a juji. Amma ni bayan ɗaki na sa shi, inda ba idon kowa. Kai ka sa naka a hanya, Malam. Juma'a yara za su zo da fartanya, ba su san shi ba. Za su ja shi da ƙafa."

Na ce ba za su taɓa shi ba, ina nan. Ya ce, "Kai ɗaya ne."

Ya tafi. Ban iya cin abincin rana ba. Ba maganar ruwa ce ta dame ni ba. Ja da ƙafa.

Laraba, 6 ga Yuni.
Ruwa: babu.
Ba zan ba su ba. Ba kuma zan bari su taɓa shi ba. Na auna abin ta kowace fuska, hanya ɗaya ce ke haɗa biyun, kuma ba na son ta. Na aika wa Yamusa.

Alhamis, 7 ga Yuni.
Ruwa: babu.

Bayan awo muka fara tono, ni da Yamusa, gari a waye a idon kowa, don kada a ce na yi a ɓoye. Kwana ashirin da huɗu a ƙasa. Ba zan rubuta yadda yake ba. Buhun ya riƙe. Yamusa ya kawo ganyen ayaba da sabon kwando, ya hana ni sa hannu, ya ce mai shi ba ya ɗauka. Ya ɗora a kafaɗa, muka bi ta tsakiyar gari. Ni na zaɓi hanyar.

Mato yana ƙofar gida. Ya ce, "Madalla, Malam, ka kyauta. Juji ta can ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, gidana ta nan ne."

Na haƙa a bayan ɗaki, gindin mangwaro. Wannan karon na ja layi da igiya, gabas zuwa yamma. Da muka rufe, tsohon ya tsaya ya yi ta magana da yarensu, da ƙarfi, kamar mai kiran wani daga nesa. Na tambayi ma'ana. Ya ce sunayen karnukan gidansa ne, uwa da kaka har bakwai, da abin da kowanne ya kama. Na ce Inci bai taɓa kama ko ɓera ba. Ya ce, "Na faɗa musu. Na ce wannan ma'aikacin gwamnati ne."

Hansatu ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Daga baya ita ta kawo duwatsun.

Juma'a, 8 ga Yuni.
Ruwa: babu.

Samari tara sun zo da fartanyu bayan an sauko daga masallaci, sun tarar da rami a buɗe. Na bar su sun leƙa son ransu. Na ce wanda ya gama ya taya ni cikewa, biyu suka taya.

Ban janye ko kalma ɗaya ba. Kare bai hana ruwa ba, kuma na mayar da shi gida ne don wurin ya fi inuwa.

Da la'asar gabas ta yi baƙi. In ya sauka yau ko gobe, shi ke nan, har jikokinsu za su riƙa cewa an tone karen Malam Dallatu aka yi ruwa, kuma ba shafin da zan buɗe a saurare ni. Na zauna a ƙofar ɗaki ina wannan tunani, ina kuma tuna shukar Yamusa ta uku. Na fita na duba mazurarin ma'auni ko ganye ya toshe shi, alhali na duba da safe.

Su faɗa ɗin. Allah Ya sa ya sauka.