Baba Sammani Zai Kashe Mani Inji Kafin Damina

Zuwa ga Malam Bala, mai kula da filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Malam, ka agaza mani da gaggawa, domin ina tsakiyar wata musiba wadda jahilci ya haifa, son mulki ya yi renonta, kunya kuma take neman yi mata sutura. Ba na cikin masu bibiyar filinka. Galibin abin da ake kawo maka koke-koken soyayya ne da ƙorafin surukai, waɗanda ba su cancanci tawadar da ake ɓarnatarwa a kansu ba. Amma an tabbatar mani ka daɗe kana koyar da aikin inji a makarantar sana'a kafin ka yi ritaya, saboda haka ina kyautata zaton za ka fahimci abin da ilahirin gidanmu suka kasa fahimta.

Ni likitan dabbobi ne, bara na gama bautar ƙasa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa Baba Sammani ne ya riƙe ni a gidanmu na gado da ke Ƙofar Sauri. Ba na musun wannan, sai dai na gaji da yadda ake nanata mani shi safe da yamma kamar ana karanta mani tuhuma. Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi ragama, an rushe wani shirin kiwo da ya daɗe yana aiki a karkara, aka yi gwanjon kayansa. A cikinsu akwai babur mai ƙafa huɗu, irin wanda aka ƙera don yashi da taɓo da kwazazzabai, mai tayoyi kamar turame. Baba Sammani ya saye shi ya ajiye. Ranar walimar gama karatuna ya miƙa mani makullin a gaban jama'a, ya ce ga jakin likita. Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka shafa. Duk mai hankali ya san ma'anar wannan: mallaka ta tashi daga hannunsa ta dawo nawa.

Wannan babur shi ne ofishina, shi ne asibitina. Da shi nake kai allura da magani rugagen da ke arewacin gari, inda mota ba ta shiga, inda yashi ke kayar da babur mai ƙafa biyu. Na sha wahala kafin Arɗo Dabo, shugaban makiyayan yankin, ya yarda in taɓa mashi ko bunsuru. Yanzu na yi mashi alkawari, a gaban mutanensa, cewa zan yi wa garkunansu rigakafin harbin daji kafin ruwa ya sauka. Cuta ce mai kwantar da lafiyayyen maraƙi da safe, kafin la'asar ya zama mushe, kuma bara ta yi masu mummunar ɓarna. In na saɓa, za su koma wa masu tallar allura a kasuwar ƙauye, sunana kuma ya mutu a daji tun bai yi rarrafe ba.

Ana cikin haka sai annobar siyasa ta shigo mana gida. Baba Sammani ya tsaya takarar kansila. Wani daga cikin 'yan korensa ya lura cewa ba a saba ganin irin wannan babur a gari ba, in ya fito yara da manya sai su biyo shi, nan take ya zama tutar kamfe. Aron farko da hannuna na bayar. A na biyu sanar da ni kawai aka yi. Daga nan sai dai in fito da jakata in tarar da wurin wayam.

Ka yi la'akari da irin azabar da ake gana mashi, Malam. Injinsa iska ce ke sanyaya shi, wato sai yana gudu yake shan iska. Su kuwa sukan ɗauko shi daga Ƙofar Sauri, su ratsa Babbar Kasuwa, su kewayo ta Ƙofar Durɓi, cikin tafiyar hawainiya, a tsakiyar ranar bazara, garada sun haye shi har kan mariƙin kaya, an kuma ɗaura lasifika tana zuƙar batir. Mai tuƙa shi wani ɗan banga ne, Murtala, wanda duk iliminsa na inji bai wuce ya tsaya cak ya danne totur har ƙarshe don jama'a su yi shewa ba. Man da suke ɗura mashi na 'yan bumburutu ne, ko daga nesa kana jin warin kananzir. Yanzu salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana raguwa ba tare da ya ɗiga a ƙasa ba. Ba sai na fassara maka wannan ba.

Na haɗiye duk wannan don kunya, wannan ɗabi'a da muke kira tarbiyya alhali sau da yawa tsoro ce ta yafa mayafi. Amma wata ranar Juma'a da la'asar tura ta kai bango. Sun dawo daga yawo, injin yana huci kamar maƙera, sai na ga Murtala ya shiga zaure ya cika guga da ruwan randa, ya fito ya kwara wa injin. Tururi ya tashi, ƙarfe ya yi wata ƙara da na ji ta har cikin haƙorana. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce wai tausayi ne, shi ma bawan Allah ya wuni a rana, a bar shi ya huce. Mutanen wurin har suna yaba mashi hankali.

A nan na yi abin da har gobe nake ganin wajibi ne. Baba yana zaune bisa darduma a ƙofar gida, tare da dattawan jam'iyya da limamin unguwa. Na tsaya na bayyana masu cewa wannan ta'addanci ne ga kimiyya, cewa wanda ya kasa kiyaye haƙƙin inji guda ba shi da hurumin neman a danƙa mashi amanar mazaɓa, kuma zamanin kama-karya ya shuɗe, tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallaka. Na jira injin ya huce, na kwance filoginsa, na toshe ramin da tsumma mai tsabta, na jefa filogin a aljihu. Baba bai ɗaga murya ba. Ya dubi baƙinsa ya ce, “To, Likita ya yi magana, sai a tashi.” Aka watse.

Tun daga ranar nake zaman fursuna a gidan ubana. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Matarsa Inna Jummai ta ce na tuɓe shi a kasuwa. Gwaggo Furera, yayar mahaifina da shi Baban, ta aiko daga Ƙofar Durɓi cewa in je, ban je ba, domin na san huɗubar da za a yi mani kan riƙon maraya. Jiya kuma Inna Jummai ta isar mani da saƙo: akwai gangamin ƙarshe a ƙarshen wata, ko babur ya fito, ko kuwa ni da baburin mu nemi gidan da ake zama bisa tsarin mulki.

Buƙatuna biyu ne. Ka faɗa mani dalla-dalla yadda zan tsawaita ran wannan inji har ya kai ni rugage ya dawo da ni. Sa'annan ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa gaskiya tana wajena, domin in ajiye jaridar a inda Baba zai gan ta. Kada ka ce mani in yi haƙuri. Haƙuri ne ya kai injin ga shuɗin hayaƙi.

Naka,
Likitan da aka zalunta, Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsar Malam Bala

Wa alaikumus salam, Likita. Na gode da ka sauko har filin masu koke-koke. Zauna, akwai tabarma.

Mu fara da injin, tunda shi ba ya fushi. Duk abin da ka faɗa a kansa daidai ne. Injin da iska ke sanyayawa bai ga maƙiyi kamar tafiyar jerin gwano da kaya fiye da kima ba, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi kuwa yana iya tsaga shi. Kafin ka sake tayar da shi, zuƙe baƙin man gaba ɗaya ka duba. In ka gan shi ya yi fari-fari kamar an dama da nono, ruwa ya shiga, sai ka canza, ka ɗan tayar, ka sake canzawa. Duba kan injin ko ya yi tsaga. Juye man 'yan bumburutu, a wanke tanki da kabureta. Shuɗin hayaƙi galibi ringi ne, wato zobban da ke jikin fistin, suka gaji, kada ka shiga daji da su, a canza su yanzu tun ciwon bai kai ga fistin ba, sa'annan ka lallaɓa shi a tafiye-tafiyen farko. Bayan wannan, soson da ke tace iska shi ne ran injinka a ƙasar yashi irin taku: duk dawowa daga ruga ka wanke shi, ya bushe, ka shafa masa ɗan mai. Kankare busasshen taɓo daga haƙarƙarin injin don iska ta ratsa. Da safe ka bar shi ya ɗumama kafin ka hau, ka riƙa duba baƙin mai kafin kowace fita, lasifika kuma ta nemi nata batirin. In ka kiyaye wannan zai ga damuna da yawa.

Buƙatarka ta biyu kuwa ba zan biya ta ba. Ba na sassaƙa wa ɗa sandar dukan ubansa, balle a jarida.

Ba cewa nake Alhaji Sammani ba shi da laifi ba. Wanda ya yi kyauta a gaban shaidu bai kamata ya riƙa ɗauka ba sallama ba, kuma bai dace ya danƙa abin sana'arka ga wanda bai san darajarsa ba. Amma ka tambayi kanka, kafin ranar Juma'ar nan, ka taɓa zama da shi kai da shi, ka gaya masa maganar Arɗo Dabo da cutar da ke jiran ruwan farko? A wasiƙarka ban ga wurin ba. Na ga ka yi shiru kana ƙuna, sa'annan ka fashe a gaban liman. Shi a ganinsa aron abin hawa yake yi a cikin gidansa, kamar yadda kowane uba ke yi. Bai san garke yake taɓawa ba. Mutumin da ya kira baburin jakin likita ya san don me ya saya maka shi.

Kuma ba a kan inji ka tsaya ba. Ka ce wa mai neman ƙuri'a bai cancanci amana ba, a gaban waɗanda yake neman su tsaya masa. Abokan hamayyarsa ma da haya za su ɗauko mai faɗin haka, kai ka yi masu kyauta. Abin da ya sa yanzu ya kafe sai babur ya fito ke nan. Ba ƙarar inji yake buƙata ba, so yake gari ya ga cewa gidansa bai tsage ba.

Wannan kuwa kana iya ba shi ba tare da ka ƙona ko cokalin fetur ba. Nemo a-kori-kura, a ɗora baburin a bayanta, a ɗaure shi tamau, a yi masa ado da tutocin, injin a kashe. Jama'a za su fi ganinsa daga sama, Murtala kuma ya yi ta danna totur har yatsansa ya gaji, ba abin da zai lalace. Kai kuma ka hau ka tsaya kusa da shi. Ba ka sha'awar siyasa, na gane, amma wunin rana guda bai kai asarar gida ko ta garke ba.

Sai dai kada wannan shawara ta fito daga bakinka, domin a yanzu ko zuma ka miƙa masa zai ji ɗaci. Amsa kiran Gwaggo Furera. Ita kaɗai ce a duniya za ta iya kiransa Sammani gatsau ya amsa, kuma ba banza ta aiko ba. Za ta yi maka huɗubar da kake gudu. Sunkuyar da kai ka sha, ba ta kisa. In ta gama, ka ba ta labarin maraƙan bara da alkawarin da ka ɗauka, da Hausar da za ta gane, ban da kimiyya da tsarin mulki. Ita za ta kai ka gabansa, ita za ta kawo maganar a-kori-kura kamar tata, ita kuma za ta yanke cewa daga ranar gangami makulli ya zauna a hannunka. Haƙurin da za ka ba shi kuwa, a ƙofar gida za ka ba shi, liman yana zaune. Inda aka yi ɓarin nan ake kwashewa.

Kana da ilimi, kana da zuciyar aiki, makiyaya kuma suna jiranka. Kada ka bari hadari ya haɗo kana fushi. Tashi ka tafi Ƙofar Durɓi yau, ka tuɓe takalmi tun daga zaure, ka bar Gwaggo ta gama magana kafin ka buɗe baki.

Allah ya huci zuciyar Alhaji, ya tsare garkunan Arɗo, ya sa ka ci gajiyar karatunka.

Malam Bala