Miliyan ɗaya da ɗaya

Talata, bayan isha'i

Jiya na rantse wa Hadiza cewa 1 000 001 ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. Na gwada raba ta har 97, inda jerin lambobin da ba su rabuwa na littafinmu ya ƙare, sai na tsaya. Yau Mushe, malaminmu, ya tambayi aji ko tana rabuwa. Na kasa ɗaga hannu kamar kullum, ita ko ta miƙe ta faɗi abin da na gaya mata da ƙarfi. Ya rubuta 101 × 9 901 a allo, 'yan aji sunka yi dariya.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa, Mushe."

Na sunkuyar da kai. Da anka tashi ta jira ni bakin ƙofa, ta ce, "Taho mu tafi, malamata." Har gida ban iya kallon ta ba.