Ranar da Talibambam Suka Yi Tsit

Litinin, 3 ga Maris

Wani ya taɓa mini kwalabe. Na tsufa ina auna wutar da ke ratsa ƙwayoyin jijiyar talibambam, ƴaƴan kwaɗi. Na san in na ɗiga musu sinadarin da ke cikin kwalaben zabura suke yi. Yau na ɗiga, tsit, kamar gidan makoki. Mu biyu ke buɗe firijin ɗakin gwaji da kwalaben ke ciki, ni da Dakta Murmushi. Farfesa kuwa ya ce ɗayanmu kaɗai zai riƙe aikin nan baɗi.

Talata, 4 ga Maris

Dakta Murmushi ya leƙo, haƙora waje. "Malama, yaya ƴaƴanki?" Na ce lafiya. Munafuki. Ta ciki na ciki.

Alhamis, 6 ga Maris

Na garƙame firiji. Baban yara ya ce, "Mai kiwon kwaɗi ta koma sayen kwaɗo." Shi kaɗai ya yi dariyarsa. Litinin zan kai ƙara wurin Farfesa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Asabar, 8 ga Maris

Na zo neman hujja. Sababbi sun ƙyanƙyashe, na gwada su da kwalbar da nake zargi. Suka zabura! Na koma kan na wancan zubin, tsit.

Kwalba ɗaya. To?

Sai na dube su da kyau. Sun fi ƙarfin kwanakinsu. Makon da zazzaɓi ya kwantar da ni, wani ya ɗauke tankinsu daga sanyin ƙasa ya ɗora kan kanta mai ɗumi, ɗumi kuwa yana gaggauta girmansu. A ƙwayar jijiya jaririya gishiri cunkushe yake a ciki. Sinadarin ya buɗe ƴar ƙofarsa, gishiri ya fita, ta zabura. In ta girma ta kwashe shi waje, ƙofar nan dai ce ke shigo da shi, ta lafa. Na sha karanta wannan a littafi. Ban taɓa kama lokacin juyin da idona ba.

Litinin, 10 ga Maris

Dakta Murmushi ne ya ɗauke tankin. "Na ga suna jin sanyi, Malama." Wa ya aike shi? Ban ga Farfesa ba, aiki ya yi yawa.

Laraba, 12 ga Maris

Har yanzu ban yarda da haƙoran nan ba. Ya tsaya a bayana yana leƙen allo, ya tare mini haske. Na matsa masa. Bencin ne dai yake da faɗi.